Littafin da Rediyo Ya Ce Yana Ciki

Tela ne, amma a layinmu ba mai kiransa tela. Rediyo ake ce masa, kuma ba don ya iya gyara ta ba. Mutumin da zai auna maka wando ya ɗauko labarin kakan mai yadin, ka je kasuwa ka dawo ka tarar bai kai ga uban ba, wane suna kuma za a sa masa? Matarsa takan ce ita dai ba ta tuna ranar da ta amince za ta aure shi. Bai bar mata gurbin cewa e ko a'a ba, sai ganin kanta ta yi da goyo.

Karatunsa bai yi nisa ba. Yana yaro aka kai shi wurin wani tsohon tela, ya fara da sa maɓalli da hura gawayin dutsen guga, har hannunsa ya faɗa a kan almakashi. A can ya haɗu da Dogo, wanda shi kuma sai ka yini da shi ba ka ji muryarsa ba in ba tari ne ya sarƙe shi ba. Da aka yaye su suka kama shago ɗaya: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. Dogo na bakin ƙofa inda haske yake. Rediyo na ciki, a kan keken da ƙafarsa ɗaya ta karye aka tokare da bulo. A haka furfura ta same su duka biyun.

Abu ɗaya Rediyo ke taƙama da shi. Surutu kam akwai, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In ya ce rigarka gobe, to gobe ce.

Wata rana wata malamar jami'a ta shigo layin da jaka da 'yar na'urar ɗaukar magana. Ta ce littafi take rubutawa a kan masu ƙananan sana'o'i: yadda suke koyo, yadda suke zama da juna, yadda tsufa ke riskar su a bakin aiki. Mai askin layinmu ya ɗauka 'yar haraji ce, ya ce shi ma baƙo ne a shagon. Rediyo kuwa ya kakkaɓe mata benci da hularsa. Ga mai sauraro ta kawo kanta har gida, ga na'urar da ba ta hamma.

Kafin ta kunna ta ce, "Baba, a irin littattafanmu ba ma sa sunan mutum na gaskiya, ko na unguwarsa, don kada maganarsa ta jawo masa damuwa."

"Haka ya kamata, 'yata," in ji shi, yana hararar shagon mai aski. "Akwai masu abin ɓoyewa a layin nan."

Ko kusa bai kawo a ransa cewa har da shi ake nufi ba.

Ta yi ta zuwa tsawon watanni, galibi da rana tsaka, lokacin da Dogo kan tafi gida cin abinci. Daga nan ta yi sallama, aka daina ganinta. Kafin ta kai bakin titi Rediyo ya sanar da layi kaf cewa yana cikin littafi. Ya gaya wa mai wanki, ya gaya wa surukansa, ya gaya wa mutumin da ya tsaya tambayar hanya.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Irin waɗannan littattafai ashe ba kamar wando ba ne, ba a cewa gobe. Kullum da safe mai aski zai leƙo ya ce, "Farfesa, an tashi lafiya? Littafin ya iso, ko a ƙafa yake tahowa?" Rediyo ya yi dariya tun yana iyawa har ya daina. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da ya ce wa wata mata zaninta gobe, ta ce, "Goben littafi ko goben gaske?"

Sai ga shi ya iso, wani ɗan aike ya kawo a cikin ambulan. Ƙato ne, da Turanci, baƙaƙe ƙanana, babu hoto ko na magani. Rediyo ya rungume shi ya kai wa babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce mai Turancin gidan. Ta duba jerin sunayen da ke baya, sama da ƙasa. Babu Baba. Kafin yamma labari ya kai shagon aski, ta bakin wa kuwa? Ta bakin Rediyon da kansa, don ko abin kunyarsa ba ya iya riƙewa.

'Yar ba ta haƙura ba. Tana dawowa daga aiki sai ta zauna da littafin, tana tsallake inda malamar ke jayayya da wasu malamai, wanda shi ne fiye da rabi. Rannan ta ƙwala kira daga ɗaki.

"Baba, ga ka nan! An sa maka wani suna ne, amma kai ne. Ga keken, ga bulon."

"Wane suna?"

Ta faɗa. Ya ce ko a dangin matarsa babu mai wannan suna, amma ba komai.

"Bari in ƙarasa babin tukuna, Baba."

Ina! Ya riga ya karɓe littafin ya sa takalmi, bai sake ba ta shi ba sai a gaban jama'a.

Washegari da yamma aka cika gaban shagon. Mai wanki ya kawo bencinsa, mai aski ya bar wani da rabin kai. Dogo na kan kekensa yana lalubar ramin allura. 'Yar ta tsaya tana karantawa tana fassarawa. Ga telan da ya fara da hura gawayi. Ga shi yana cewa yadi kamar mutum ne, sai ka san inda yake ja kafin ka sa masa almakashi. Ga keken da bulo.

Mai aski ya leƙa ƙarƙashin keken, ya sosa ƙeya. "Kai, jama'a. Wannan fa kamar shi ne."

Rediyo ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shekaru yake jiran wannan kalma daga wannan bakin.

'Yar ta juya shafi. Idonta ya riga bakinta sauka, sai ta dakatar da karatun.

"Ci gaba mana, likita," in ji mai aski.

Ta sunkuya ta raɗa wa ubanta. Shafin ya ce idon abokin aikin telan ya yi rauni, ɗinkinsa ya fara karkacewa, shi bai sani ba. Ya ce kullum in abokin ya tafi cin abinci, telan kan warware abin da ya ɗinka ya sake bi, ya ninke ya ajiye yadda ya same shi. Malamar ta gani da idonta, ta tambaya, shi kuma da yake ba a tambayarsa ya yi shiru, ya zayyane mata komai. Wannan ne kaɗai sirrin da Rediyo ya taɓa riƙewa a rayuwarsa, ko matarsa ba ta sani ba, ga shi an buga shi da tawada.

Ya dubi Dogo. Dogo ya samu ramin allurar da ƙyar, yana murmushi shi kaɗai.

In ya ce shi ne, mai aski ba zai bari a tsaya a nan ba. In 'yar ta ƙi fassarawa, akwai masu Turanci a layin.

Rediyo ya sauke ƙafarsa. "Ba ni ba ne."

"Kamar yaya ba kai ba ne? Ga bulo!"

"Ni kaɗai ke da bulo a duniya? Littafin ya ce wannan telan matarsa ta rasu. Tawa tana gida, yanzu ma ta gama yi mini faɗa. Rufe, uwata, mu tafi."

Littafin bai ce haka ba. A ranar da ya zo wanke kansa daga ƙarya, ranar ya yi ta farko, kuma ya yi ta da kyau. Aka kwashe da dariya. Mai aski har da riƙe ciki, ya koma wurin mai rabin kai yana cewa shi dama ya faɗa.

A gida 'yar ta ce, "Baba, kai ne fa."

"Na sani. Ke ma kin sani. Sa shi can ƙasan akwatin uwarki. In mai aski ya aiko aro, ki ce ɓera ya ci."

Da safe Dogo ya riga shi buɗe shago. Ya bari sai da Rediyo ya zauna, sannan ya yi gyaran murya, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Kada ka sa a ranka, mutumina. Ka yi mata surutu ne har ta rasa abin da za ta ɗauka. In wata ta sake zuwa, ka bar ni da ita."

"To," in ji Rediyo. "Na bar ka."