Don Evaristo, Tsohon da Ya Ƙi Fitowa Daga Ƙarƙashin Mota

Kullum da sassafe Don Evaristo Quiñones yake ɗaga ƙofar garejinsa a gabashin Los Angeles, ya ɗora kofin kofi a kan tsohuwar taya, ya manta da shi. Shekara sittin da biyu ke nan yana haka. In ka je gaishe shi, da ƙafafunsa za ka gaisa, domin sauran jikin yana ƙarƙashin mota.

Yana cikin samarinmu 'yan asalin Meziko da suka riƙa jibga buhunan yashi a bayan tsofaffin motoci, don mota ta yi ƙasa, ta ja ciki, ta tafi sannu-sannu. Wasu gudu suke so, namu kuwa so suke a gan su, a garin da ba ya son ganinsu. Da aka kafa dokar hana sauke mota ƙasa, 'yan sanda suka addabe mu, sai Evaristo ya koyi ɗaura wa mota famfon tsohon jirgin sama, mai ɗaga ta da sauke ta. A hango ɗan sanda mota ta miƙe, ya wuce ta koma ta kwanta.

Wata dattijuwar unguwarmu, Doña Herminia, har yau tana ba da labarin wanta Anselmo, wanda ya tafi yaƙi ya bar motarsa rabin fenti. Da gawarsa ta iso, Evaristo ya kwana uku yana ƙarasa fentin, ya tuƙa motar a bayan akwatin gawar har maƙabarta.

Yau motocin nan sun cika gidajen tarihi da tallace-tallace. Waɗanda ko sifana ba su taɓa riƙewa ba suna ta surutu a talabijin, babu mai ambaton sunansa. Abin haushi, rabin laifin nasa ne. Wata 'yar jarida ta zo takanas, ya ce ta matsa, ta tare masa haske.

Kai ne malamin duk wani bakaniken unguwar nan, Don Evaristo, kuma kai ne mafi taurin kai a cikinmu.

Da likita ya ce rawar hannunsa ta yi yawa, 'yarsa Ofelia ta yi wata shida tana roƙo kafin ya yarda ya ajiye aiki. Ranar Lahadin da ta wuce muka jera mota arba'in don girmama shi. An sa shi a ta gaba, an tayar, sai ya ce a tsaya. Ya fita, ya kwanta a kan kwalta, ya shige ƙarƙashi. Mata suna tsaye da tukwanen tamale, alalen masararmu, yana hucewa.

"Haba Baba, da sabuwar rigar?" in ji Ofelia.

"Ke ba ki ji motar tana kuka ba? Wane jaki ne ya ɗaure wannan ƙusar?"

Mai motar, Rigoberto, tsohon almajirinsa ne, yanzu shi ma da furfura. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai kai ne, Baba. Watan jiya."

Ƙafafun suka daina motsi. Babu wanda ya yi dariya. Ya daɗe a ciki, ya gyara abin, ya fito da maiko har wuya. Ya ciro makullin garejin ya danƙa wa Rigoberto, ya ce ya riƙa duba aikin kowa, ko na waye.

Mun gode, Don Evaristo, duk da awa biyu da ka shanya mu a rana. Ku kuma masu tasowa, ku yi aiki irin nasa, amma don Allah in an tambaye ku sunanku, ku faɗa. Akwai irinsa a layinku. Ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin korarku.