Lallen Inna a Cikin Randa

Abin da na fara lura da shi ran da muka sauka Yamai shi ne gidan da aka ba Baba ba shi da ko tsiro ɗaya, sai jar ƙasa mai tauri. Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, aka ɗauke shi aiki daga Maradi, ya taho da ni don in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko. Ni yarinya ce mai kunya, ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Inna ba ta da lafiyar yin tafiya, aka bar ta wurin ƴan uwanta. Da muna sallama ta karyo reshen lallen da ke bayan ɗakinta, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce in dasa, kafin ya isa ƙunshi ta iso.

Saboda awakin maƙwabta na dasa shi cikin wata tsohuwar randa, ban san ana huda gindinta ba. Da ya fitar da ƴan ganye sai na sa a raina cewa in ya yi sauri, Inna ma za ta yi saurin warkewa. Na riƙa ba shi ruwa da safe, da na taso lakwal in ƙara, har ruwan wankana nake ragewa. Wata tsohuwa Bazabarma da ke da garka a bakin kogi takan leƙo ta katanga, ta ce da ƴar Hausarta ta kasuwa wai ko jariri in ya ƙoshi cire masa nono ake yi. Na yi murmushi kawai. Kunya ta hana ni tambayarta abin yi.

Ganyen suka soma yin rawaya daga ƙasa. Na zaci ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ƙananan ƙudaje suka taru, ƙasar ta fara wari, ni kuwa ina tsugune ina kallon ganye na zuba ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zo daga Maradi, saƙon Inna guda ne: lallen ya kama? Ran da na taɓa reshen sai ya tumɓuko a hannuna, gindinsa baƙi, ya ruɓe.

Yau na san shuka tana da nata lokaci, tana son ruwa, tana kuma son a bar ta ta sha iska. Ƴan uwana masu karatu, abin da kuke ƙauna kada tsoro ya sa ku wuce gona da iri wajen kula da shi, kuma kada kunya ta hana ku tambaya.

Ba a jima da mutuwar lallen ba aka aiko cewa jikin Inna ya tsananta, Baba ya shirya tafiya ba da ni ba. Na bi shi har bakin mota, na kama hannun rigarsa. Na roƙe shi ya karyo mini wani reshen, in kuma Inna ta tambaya, don Allah ya ce mata ya kama.