Layin da Sannu-Sannu Bai Sa wa Hannu Ba

Shekara ashirin da uku ya yi yana aikin gandiroba, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa ganinsa yana gudu. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Sannu-Sannu, har sunan ya bi shi gida. Ɗan kafinta ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma da ya yanke yatsa sau biyu da zarto, tsohon ya ce masa ya je ya nemi aikin da ba a riƙe abu mai kaifi. Haka ya ƙare da riƙon makullai.

A ɓangaren masu jiran shari'a yake aiki: doguwar baranda mai ɗakuna goma sha biyu, famfo ɗaya a ƙarshe da ke ɗiga tun kafin a ɗauke shi aiki, sai teburin ƙarfe inda ake ajiye littafin rahoto, an ɗaure masa biro da zare. Ya san mai ciwon suga, ya san wanda ba a taɓa zuwa dubawa ba. Ba ya zagi, ba ya karɓar ko alawa daga hannun dangin fursuna. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma fayil ɗinsa fes yake.

Abokin aikinsa na kusa shi ne Dogo, wanda kuma shi ke auren ƙanwar matarsa. Dogo mutum ne mai barkwanci, zai sa ka dariya har ka riƙe ciki, sai dai zuciyarsa a kusa take. Shekarun baya da fursunoni suka yi bore, shi ne ya kutsa ya janyo Sannu-Sannu daga tsakiyar rikicin, aka fasa masa goshi a kan haka. Tabon yana nan har yau.

Wata Talata da tsakar rana ana rabon abinci, su biyu ne kaɗai a kan mutum casa'in, don na ukunsu ya tafi hutu ba a kawo madadinsa ba. Wani fursuna da ake kira Tela, mai fama da asma, ya fito daga layi ya ce numfashinsa na sarƙewa, a taimaka a kai shi wurin malamar jinya.

"Koma layi, a gama tukuna," in ji Dogo.

Tela bai koma ba, ya kama hannun rigarsa. Dogo ya juyo ya hankaɗa shi da ƙarfi. Mutumin ya tafi da baya ya faɗa kan dakalin famfo, aka ji ƙarar ƙashi. Sannu-Sannu yana tsaye taku biyar daga wurin, makullai a hannunsa.

Bayan an kai Tela asibiti da karyayyen hannu, Dogo ya zauna ya rubuta a littafi cewa fursuna ya zame a santsin famfo ya faɗi. Ƙa'ida ce duk wanda ke bakin aiki ya sa hannu a ƙasa. Ya turo littafin.

"Yaya, sa hannu nan."

"Bari in wanko hannuna," in ji Sannu-Sannu.

Ya daɗe a bakin famfon yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi. Da lokacin tashi ya yi, ya miƙa makullai ya sulale gida, layinsa a littafin babu komai.

Ya kasa cin abinci. Matarsa ta dube shi ta ce, "Baban yara, yau kuma cokalin ne ya yi maka nauyi?" Ya ce zafi ne kawai. Kashegari da yamma sai ga ƙanwarta ta zo da yara uku, ta durƙusa ta gaishe shi, sai da za ta tafi ta ce, "Yaya, maigidana ya ce in gaya maka kai yake jira." Ƙaramar 'yarta ta rungume masa ƙafa tana neman ya ɗaga ta. Ya ɗaga ta.

A wurin aiki ma magana ta zagaya. Da ya shiga ɗakin da suke shan shayi, hira ta mutu. Sajan ɗinsu ya ja shi gefe, ya dafa masa kafaɗa.

"Malam, mu nan ba mu da kowa sai junanmu. Ranar da aka rufe ka a tsakiyar fursunoni, ba littafi ne zai zo ya fid da kai ba. Ka fi kowa sanin wannan."

Ya sani kuwa. Amma akwai abin da Sajan bai sani ba, shi ne kuma ke cin Sannu-Sannu a rai. Tun da safiyar ranar Tela ya same shi, ya ce maganin shaƙarsa ya ƙare, ƙirjinsa ya fara nauyi. Shi kuwa ya ce masa, "Bari a gama ƙirga." Aka gama ƙirga fursunoni, aka kira shi ya raka wasu kotu, ya dawo, ya manta. Da ya kai mutumin tun da safe, da ba a zo ga wannan ba. Yana tafe a baranda yana tambayar kansa layi nawa ya sa wa hannu a shekarun nan ba tare da ya karanta ba. Ya daɗe yana ɗaukar kansa mutumin kirki don bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Yanzu ya rasa ko kirki ne, ko kuwa ya iya kau da kai ne kawai.

 Sau biyu ya ɗauki biron zai sa hannu a huta, sau biyu ya ajiye. Ranar Alhamis ya yi kuskure a ƙirga, abin da bai taɓa yi ba, sai da aka sake.

Ranar Juma'a da safe aka ce Sufeto, shugabarsu, na nemansu shi da Dogo, don malamar jinya ta rubuta cewa Tela ya ce ture shi aka yi. Kafin su shiga, Sannu-Sannu ya tare Dogo a bayan ɗakin ajiye kaya.

"Zan faɗi abin da na gani. Zan kuma faɗi nawa laifin. Na ga gara ka ji daga bakina."

Dogo ya dube shi. "Yaya, yara uku gare ni."

"Na sani."

"To ni ban yi niyyar karya shi ba."

"Wannan ma zan faɗa. Amma gara kai ka riga ni faɗa."

Dogo ya juya ya tafi.

A ofis, Sufeto ta buɗe littafin, ta ɗora yatsa a kan layin da babu sa hannu, ta ce tana sauraro. Sannu-Sannu ya gyara tsayuwa. Ya fara daga safiyar ranar, daga maganin da ya manta, ya faɗi yadda su biyu suka tsaya a kan mutum casa'in, ya faɗi turin. Da aka shigo da Dogo, ya fara da maganar santsi, ya kai rabi ya tsaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, ni na ture shi."

Aka dakatar da Dogo wata biyu, aka rage masa igiya ɗaya, aka mai da shi babbar ƙofa. Sannu-Sannu ya samu takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa. Aka kuma ba da umarnin kada a sake rabon abinci da ƙasa da mutum uku. Tela ya warke, ko da yake hannun bai koma daidai ba, bayan wata bakwai kotu ta sallame shi.

Ba wanda ya yaba wa Sannu-Sannu. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa da kyau, ya koma shan shayinsa a bakin tebur shi kaɗai. Matarsa ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba, sannan ta ce, "Da ka gaya mini tun farko, da na san yadda zan tari ƙanwata." 'Yan'uwan biyu sun ci gaba da ziyartar juna, amma sai lokacin da mazan ba sa nan.

Kowace safiya Dogo ne ke bincikar jakarsa a ƙofa, kamar yadda ƙa'ida ta ce a yi wa kowa. Yakan buɗe, ya duba, ya rufe, ya miƙa masa, ba magana. Haka suka yi kusan shekara. Wata rana ana yayyafi, ya miƙo jakar ya dubi ƙasa ya ce, "Yaya, takalminka ya ɓare, ruwa zai shiga. Ka kai a ɗinke."

"To, zan kai," in ji Sannu-Sannu.

Ya wuce ciki. Har ya isa baranda yana juya maganar a ransa, bai san ko sulhu ne ba, ko kuwa takalmin ne kawai ya ɓare.