Ragon Da Bai Yi Turjiya Ba

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da raguna suka riƙa ɓacewa a unguwarmu a Daura, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Lokacin ni ne shugaban 'yan sintirin unguwa, ina ji da kaina kamar ni na haƙa rijiyar Kusugu.

Kowace safiya a teburin mai shayi muke sauraron wani shirin rediyo mai kawo labarin laifukan manyan birane. Yau ɓarayi a kan babur sun fizge jaka, gobe 'yan daba sun tare hanya. Mai shirin ya iya bakinsa, in ya siffanta ɓarawo har sai ka ga wandonsa na jins da baƙin tabarau. Kullum yakan rufe da cewa a yi hattara, ɓarayin birni sun fara gangarowa ƙananan garuruwa. Mu da ba a taɓa fizge wa ko ƙullin goro ba, sai muka ɗaura igiya a bakin layi muna tare duk mai babur.

Ana saura mako uku Babbar Sallah, ragon wani malamin makaranta ya ɓace da rana tsaka, sai kuma na wata tsohuwa. Tun kakanni, in haka ta faru mai bin sawu ake kira, kuma muna da dattijo ɗaya da ya gaji aikin. Ya zo gidan tsohuwar, ya tsuguna a bakin turke, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ɗana, ragon nan ba jan sa aka yi ba," ya ce mini. "Dubi sawunsa, babu turjiya. Da kansa ya bi mutumin. Ka nemi wanda ya saba ba shi abinci."

Na yi dariya na ce, "Baba, zamani ya canza. Ɓarayin yanzu a babur suke zuwa. Ba ka jin rediyo ne?"

"Ina ji. Amma rediyo bai ga ƙasar nan ba." Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Ni dai na riga na sa ido a kan ɗan maƙwabcina, bakanike, wanda bai fi wata biyu da dawowa daga Kano ba ya buɗe rumfar gyaran babur. Ga jins, ga tabarau, ga babur. Ranar da rago na uku ya ɓace muka tsaya a kansa. Ya ɗago, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Kawu, lafiya?" Na damƙi wuyan rigarsa. Kafin mu kai shi wurin 'yan sanda jama'a sun taru, an fasa masa baki, wasu na ihun a yanke hannu. Har yau ina jin salatin mahaifiyarsa daga cikin zaure.

Kwana tara ya yi a tsare. Sai ga labari an kama mai tallar harawa da dusa na unguwarmu a kasuwar Mai'adua, riƙe da ragon tsohuwar nan. Mutumin da ke shiga kowane gida, raguna na jin muryarsa su miƙe. Sai na tuna ranar da na ɗaga masa igiya da hannuna, rago na bin kurar harawarsa a baya, har na ce masa Allah ya kawo kasuwa.

An saki bakaniken, amma sunan ɓarawo ya riga ya bi shi. Babu mai kai masa gyara. Gidan da yake neman aure suka maido da kaya. Ya bar garin kafin Sallah, kuma ko rasuwar mahaifiyarsa bai zo ba, sai aike ya yi.

Na daɗe kafin na iya tsugunawa gaban mahaifinsa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini, labaran da muke ji ne suka ruɗe mu."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai rediyo bai san yaron nan ba, ba ni da ƙorafi a kansa. Kai kuwa ka ci naman sunansa."

A ranar na kwance igiyar, na ajiye sandar sintiri. Abin da na koya, a makare, shi ne mai gadin unguwa da ya ari idon wani, tasa unguwar ba zai ƙara gani ba. Shi ya sa yanzu in an ce mini ga kamannin ɓarawo, sai in ce a fara duba ƙasa.