Zinki a Gindin Lemo

Bishiyar lemon zaƙin da ke tsakar gidanmu a Tudun Wada, Dada ce ta dasa ta, wato mahaifiyata, shekarar da muka tare. Dada ta rasu, bishiyar ta saura. Shi ya sa da ganyenta ya fara ƙanƙancewa, yana yin rawaya tsakanin jijiyoyi, kan rassan yana bushewa, abinci ya daina yi mini daɗi.

Maigidana kafinta ne, rufin gidaje yake yi. Allah ya hore masa sanin komai, har abin da bai taɓa ji ba. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya ya ce yunwa ce. Ya zuba mata kamfa, takin zamanin da ake sa wa masara. Ba ta gode ba. Ya ƙara da yuriya. Sabon ganye ya fito kamar kunnen ɓera.

"Ta tsufa," in ji shi. "Idan damina ta wuce ba ta farfaɗo ba, sarewa zan yi, in kafa rumfar katako a wurin."

Har gatari ya aro ya jingine bayan randa, don kada bishiyar ta zaci wasa yake.

Na ɗauki hoton ganyen a waya na tura wa babbar 'yarmu da ke karatun noma. Ta kira muna zaune, na buɗe muryar don shi ma ya ji.

"Mama, ba yunwa ba ce. Ki cika tukunya da nama, in babu ɗan gishiri wa zai sha miyar? Shuka ma akwai sinadaran da take so ɗan ƙanƙani, amma in babu su, ko buhun taki aka juye mata a banza. Wannan zinki ne ya yi mata ƙaranci."

Maigida ya gyara zama. "Zinki? To ai da kin faɗa tun farko."

"Baba, ba wanda kake..."

"Ke, tun ba a haife ki ba nake aikin zinki."

Ya zura takalmi ya fita. Masu rufi a garin nan, kwanon rufi suke kira zinki. Kafin la'asar ya dawo da tsohon kwano mai tsatsa, ya yayyanka shi da almakashin aikinsa, ya tone gindin bishiyar ya binne, ya datse mata saiwa biyu a kan hanya. Na kawo masa ruwa na ce, "Sannu da aiki, likita."

Washegari na sake kiran yarinyar. Sai da ta gama dariyarta sannan ta tambaye ni me nake zubawa a gindin. Na ce toka ce kawai kowace safiya, sai ruwan wanki.

"Mama, ke ma da naki. Toka in ta yi yawa ɗaure zinkin ƙasa take yi, saiwa ta kasa sha."

Ashe likitocin gidan biyu ne. Wannan ban faɗa wa kowa ba, na dai sauya wa tokar wuri.

Ta faɗa mini sunan wani farin gari da yadda ake auna shi da cokalin shayi. Na rubuta a bayan tsohon littafina na yaƙi da jahilci, harafi-harafi. A Kasuwar Gombe na miƙa wa mai maganin gona littafin, na ce, "Na shuka, ba na rufi ba." Ya dube ni kamar ni ce ke da matsala.

Na ari abin feshi wajen maƙwabciya. Idan maigida ya fita aiki da sassafe, sai in dama garin a ruwa in fesa wa ganyen. Tsofaffin ba su sauya sosai ba. Amma bayan 'yan makonni sabon toho ya fito kore shar, mai faɗi, kamar zamanin Dada.

Maigida ya kira abokansa har tsakar gida. "Kun gani? Zinki. Mai tsatsa ya fi shiga."

"Ƙwarai kuwa, Malam," na ce. "Gatarin nan fa, mai shi bai nema ba?"

Da kansa ya saɓa ya mayar. Da zai dawo kuma ya biya gidan ƙaninsa da sauran kwanon, domin an ce mangwaronsu ba ya jin daɗi.