Wuƙar Dakta da Ragon Inna Asabe

Na daɗe ina aikin dabbobi, an shure ni, an tunkuye ni, duk na manta. Ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Talata, saura mako uku babbar salla, da na durƙusa a kan ragon wata baiwar Allah a Daurawa da abin wasa a hannuna. Duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar yau aka yi.

A lokacin ina malamin dabbobi a wani asibiti mai zaman kansa a Gyadi-Gyadi. Ga wanda bai san tsarin ba, likita ne a sama, shi ke zama a asibiti yana duba abin da aka kawo. Mu malamai uku muna ƙarƙashinsa, mu ke hawa babur muna bin gidajen masu kiwo, mu yi allura, mu ba da maganin tsutsa, mu gyara kofato. Kuma kowane malami da wuƙa yake fita. In ka tarar dabba ta wuce magani, aikinka na ƙarshe shi ne ka yanka ta tun da sauran rai, mai ita ya samu nama. In ka bari ta cika ta zama mushe, sai dai a ja ta bola.

Tawa ta da irin ta mahauta ce, doguwa, ga nauyin tsiya. Da ƙwacen waya ya yi yawa a gari aka fara binciken masu babur, sau biyu ana tare ni a Unguwa Uku. Ban ga laifin kowa ba, ni ma in na ga ƙato a kan babur da wannan wuƙar sai na tambaye shi ina za shi. Sabon likitanmu, Dakta Nura, ya ce a canja wuƙaƙen, kuma tunda ni ne babba a cikin malamai, ni zan zaɓo.

Na je maƙera na wuni. Na ce wa maƙerin ruwanta kada ya wuce taƙi ɗaya. Ƙarfe guda nake so tun daga tsini har ƙarshen ƙota, babu gaɓa ko ɗaya. Ta zama siririya mara nauyi, don wuƙa mai nauyi wata rana a gida za ka bar ta, kuma ranar za a neme ta. Ƙotar ta itace mai kaushi, saboda jini santsi gare shi. Sai kube na fata da zai riƙe ta gam a cikin jaka. Ya ƙera, na gwada ta a gashin hannuna, ta aske tas.

Dakta ya juya ta sau biyu ya ce, "Malam Sabo, wannan ai ta 'yan daba ce aka rage wa tsawo."

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wata 'yar ja mai naɗewa. Ya buɗe nan, ga almakashi. Ya buɗe can, ga abin buɗe kwalba. Har da magogin farce da tsinken sakace.

Na ce, "Dakta, yanka rago za mu yi ko kwalliya za mu yi masa?"

Ya ce, "Sau nawa kuke yanka a shekara? Bai fi sau ɗaya ko biyu ba."

Na ce, "Ai saboda sau ɗayan nan ake ɗaukarta."

Ya ce ya gama magana, duk wanda aka gani da wata wuƙa ban da irin wannan 'yar jar ya ajiye mukullin babur. Ni kuma na yi shiru na karɓa. Wannan shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa shi ba.

Ranar Talatar, wajen sha ɗaya na safe, Inna Asabe ta kira ni. Dattijuwa ce mai sayar da waina, mijinta ya rasu. Shekara biyu tana kiwon wani rago balami fari, ni nake masa allura tun yana ƙarami. Kullum sai ta gaya mini da shi za ta yi layyar farko a rayuwarta, ta gaji da jiran a aiko mata da nama. To ragon ya tsinke igiya ya auka wa shinkafar da ta jiƙa ta waina, ya cinye ta kaf.

Na tarar da shi kwance, ciki kamar ganga. Na ɗura masa magani, na huda cikin don iska ta fita. Ina, an makara. Numfashi yana ta yin sama. Na ce, "Inna, sai haƙuri, sai dai a yanka."

Ta ce, "Yanka, Malam. Mahauci ya sayi naman, in sayi ko ɗan ƙarami ne in yi layyata."

Babu namiji ko ɗaya a gidan, kowa ya fita nema. Na juya ragon alƙibla, na danne shi da gwiwa, na zaro wuƙar Dakta. Na sa farce na ja, almakashi ya fito. Na mayar, na sake ja, abin buɗe kwalba. Wallahi da ƙyar na lalubo ruwan wuƙar, shi ma bai fi ɗan yatsa ba, ga wuyan balami da kauri da gashi. Na yi bismilla na danna. Ragon ya zabura, wuƙar ta naɗe a kan manuniyata. Jini ya zuba, amma nawa ne.

Na ce, "Inna, wuƙa! Ko wace iri ce."

Ta kawo ta yankan albasa, wadda ko tumatir sai an lallaɓa ta. Maƙwabciyarta Maman Dauda, wata 'yar Filato da ke koyarwa a firamare, ta ruga gida ɗauko mai kaifi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ta dawo ragon ya miƙe ƙafafu. Da ta kawo wuƙar na karɓa, na taɓa idonsa, bai ƙifta ba. Na sa kunne a ƙirjinsa, shiru.

Inna ta ce, "Malam, ya motsa ko?"

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce in yanka kawai in ce ya motsa. Wa zai sani? Daga ni sai Allah. Amma mutane ne za su ci naman. Na ce, "Inna, bai motsa ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta yago tsumma mai tsabta ta ɗaure mini yatsa, tana cewa sannu. Da ta gama ta ce, "Amma Malam, yau ba ka fito da wuƙa ba ne?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma asibiti na gaya wa Dakta. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ka tabbata ka buɗe ta daidai?" Na ajiye 'yar jar a teburinsa, na ɗora mukullin babur a kai. Na ce daga gobe da ta maƙeri zan fita, ya rubuta mini takarda da hatimin asibiti cewa kayan aiki ce, in nuna wa masu bincike. In ba haka ba, ga babur ɗinsa nan. Ya kalli yatsana, ya jawo takarda ya rubuta. Layi huɗu ne kacal. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan, kuma da na tsaya a kan maganata tun ranar da tuni an yi.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, in za ku zaɓi wuƙa ku zaɓi wadda ba ta naɗewa, mara nauyi, mai kube, ku wasa ta duk mako, kada ku ara wa kowa ya fere rake da ita. In na sama da ku ya kawo abin da kun san ba zai yi ba, ku faɗa da ladabi, ku sake faɗa, kada ku gaji. Shi yana ofis, ku ne za ku durƙusa a tsakar gidan mutane.

Inna Asabe ba ta yi layya ba a shekarar. Ran salla na kai mata cinyar ragona, ta karɓa ta yi godiya, ta sa mini albarka. Na ji ta sake sayen ɗan rago daga baya. Har yau in na wuce wajen wainarta muna gaisawa lafiya lau, amma in ragon ya yi rashin lafiya wani take kira.