Baba Sumana da filin jirgin da ba shi da fitila

Kullum bayan la'asar Baba Sumana yakan ɗauki fartanya ya bi filin jirginmu na jar ƙasa daga wannan kai zuwa wancan. Ya cike rami, ya rushe surin da ya fara tasowa, ya roƙi makiyaya su kewaya da shanunsu. Matan da ke shanya shinkafa a filin sun san muryarsa.

"Hawwa, ɗiyata, kwashe shanyarki."

"Haba Baba, jirgin da rabonmu da shi tun damina?"

"Ranar da zai zo, ba zai yi miki sallama ba."

Filin ba shi da fitila ko ɗaya. Ƙaramin jirgi kuwa ba ya zuwa da dare sai in marar lafiya zai ɗauka zuwa Yamai. In an yi waya, ƴan kabu-kabu ake tarawa su haska da fitilun moto, wato baburansu.

Shekarun baya aka yi kuskuren da garinmu Gaya bai manta ba. Samarin suka jeru suna fuskantar jirgin, suka ɗaga fitilu sama, a ganinsu taimako ne. Hasken ya kashe wa matuƙi ido, ya zarce, fiffike ya daki suri. Shi ya fita da karaya. Matar da ke jiransa da doguwar naƙuda aka sa ta mota, ta cika a hanya kafin a kai Dosso.

Tun daga ranar Baba Sumana da hannunsa yake tsayar da kowane moto, ya juya wa jirgi baya, haske a ƙasa. Jibo, shugaban ƴan kabu-kabu, ya ce mini, "Tsohon nan har kan moto yake danne mana, yana faɗa kamar mun ci masa gona. Amma wallahi ba a sake ba."

Baba, kai ne fitilar filin nan. Gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo, ƙarshen wata za ka ajiye aiki, kuma har yau ba a naɗa kowa ba. An yi taro, an sha lemo, an ce za a duba. Mun gaji da jin za a duba. Garin da manyan motoci ke kwana a layi a bakin iyaka ya kasa sa fitila a fili guda, ya jingina rayukan matansa a kan gwiwar tsoho!

Mun gode, Baba Sumana. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Mu kuma samari, kafin wata ya ƙare, wani ya je ya tsaya kusa da shi ya koya. Akwai mai ciki a ƙauyen Bana ko Karakara da ba ta san ranarta za ta faɗo da dare ba.